Bitar hana azabtarwa a Zariya: wa za a kira, me za a koyar?

Likita: Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina da shawarar da nake so mu tattauna kafin watan Yuni ya kama. Ranar 26 ga Yuni ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin mutanen da aka gana wa azaba, saboda a ranar ce a 1987 yarjejeniyar hana azabtarwa ta fara aiki. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a 2001, sannan a Disambar 2017 aka sa hannu a kan dokarmu ta cikin gida. Amma cikin abokan aikina da nake tambaya, da wuya ka samu wanda ya taɓa riƙe dokar nan a hannunsa, alhali ta ambaci ma'aikatan lafiya ƙarara cikin waɗanda dole a koya wa.

Garin nan kuwa gari ne da ke yaye ma'aikata. Likitoci na fitowa daga Shika, lauyoyi daga Kongo, kuratan soja daga Depo, ga makarantun jinya da na kiwon lafiya. Da yawa daga cikin waɗanda gobe za a damƙa musu ɗan Adam a hannu, ta nan suke bi. Ina ganin mu da muke cikin zauren nan za mu iya haɗa bita ta yini ɗaya, ba sai mun jira wasu sun zo daga Abuja ba. Tambayata biyu ce: wa za mu gayyata, kuma me za mu koyar wanda mutum zai yi aiki da shi washegari?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Likita, ku yi haƙuri, ni bari in faɗi abin da mutanen kasuwa ke faɗa. Bara an fasa mini shago cikin dare aka kwashe wayoyi, jarina gaba ɗaya, har da na mutane da suka kawo gyara. An kama yaro ɗaya. In ba a taɓa lafiyarsa ba, da baki zai faɗi inda ya kai kayan? Kullum haƙƙin ɓarawo ake magana. Wanda aka sara da adda a kan waya fa, shi ba shi da haƙƙi?

Baba Sufeto: Likita, Allah ya saka da alheri. Na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya, kuma bita na ga iri-iri. A kira ka otal a Kaduna, a ba ka jaka da biro da alawus, a haska maka rubutu a bango, ranar Litinin ka koma ofis ka tarar da abin da ka bari. Wa ma ake turawa? Oga, ko yaron oga. Kofur ɗin da ke kanta ƙarfe biyun dare, wanda makullin sel ke hannunsa, ba wanda ya san da zamansa.

Kuma ku fahimci halin da mai bincike yake ciki. An miƙa masa fayil, ba mota, ba mai, ba kayan ɗaukar zanen yatsa. Wani lokaci takardar da zai rubuta bayani ma mai ƙara ne ke sayowa. Mai ƙara na tsaye a kansa yana cewa a matsa shi zai faɗa, oga na waya yana son sakamako kafin yamma. Abin da ya rage masa shi ne bakin wanda ake zargi. Ba na cewa daidai ne. Cewa nake in za ku hana shi duka, to ku ba shi abin da zai riƙe a madadin kulkin. In ba haka ba zai gyaɗa muku kai, ya karɓi takardar shaida, ya tafi.

Barista: Baba, ranku ya daɗe, maganarku ta ƙarshe zan dawo kanta don tana da nauyi. Bari in fara da Ɗan Sabon Gari tunda shi ya yi hasara. Allah ya mayar maka da alheri. Abin da ba a cika gaya wa masu ƙara ba shi ne, dukan nan shi ke kashe musu shari'a. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar bayanin amsa laifi da aka samu ta hanyar gallazawa. Da zarar lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce dukansa aka yi, alƙali zai jingine asalin ƙarar, a buɗe wata ƙaramar shari'a a cikin shari'ar, kuma masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar da cewa ba a tilasta masa ba. Watanni ke nan sun tafi. In bayanin ya faɗi, kuma shi kaɗai ne a fayil tunda ba a nemi wata shaida ba, sai a sallami mutumin ko da shi ne ya yi satar, kai ka koma gida hannu rabbana.

Dokar 2017 kuwa ba ta bar ƙofa ba. Wanda aka samu da laifin azabtarwa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25, in mutumin ya mutu kuma tuhumar kisan kai ce. Yaƙi ba uzuri ba ne, dokar ta-ɓaci ba uzuri ba ce, "oga ne ya sa ni" ma ba uzuri ba ne, kuma wanda ya ba da umarni yana cikin laifin tsundum tare da wanda ya aikata. Ta lissafa abubuwan da mutanenmu ba sa ɗauka azaba ne: hana abinci, hana barci, rufe ido, tuɓe mutum tsirara, ɗaure shi a yanayin da jiki ba ya iya jurewa, sa iyalinsa su kalli ana dukansa. Tun kafin ita ma, sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam.

Ɗan Sabon Gari: To Barista, in dokar na nan tun 2017, me ya sa ba mu ji ana ɗaure masu yi ba?

Barista: Tambayarka na kan hanya. Aiki da dokar ya yi rauni ƙwarai. Ka tuna a 2007 Manfred Nowak, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, ya zo ƙasar nan ya shiga wuraren tsare mutane, ya ce abin ya zama ruwan dare a hannun 'yan sanda. Bayan shekara 13 aka yi zanga-zangar da ta sa aka rusa rundunar 'yan sanda ta SARS a Oktobar 2020. A 2021 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa ya duba lamarin Najeriya ba tare da ta miƙa rahoton da ya wajaba a kanta ba. Amma a ƙasa, a kotun da nake tsayawa, dalilin ya fi wannan kusa. Mutum zai ce an dake shi, alƙali ya ce ina shaida? Rauni ya warke, wata shida sun wuce. Sai a ɗauko katin asibiti, a tarar an rubuta "ciwon jiki". Shi ke nan magana ta mutu.

Maman Ilham: Barista, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni nas ce, sashen gaggawa nake. Wani dare an kawo mana matashi da ankwa a hannu, jami'ai biyu na tare da shi. Suka ce daga mota ya faɗo yana ƙoƙarin gudu. Ba ya iya taka ƙasa, tafin ƙafarsa duka biyu sun kumbura suntum, wuyan hannayensa sun yi zobe na ƙujewa. Amma gwiwarsa da gwiwar hannunsa lafiya lau, ba irin ƙujewar da muke gani a jikin wanda ya faɗo kan kwalta. Na tambaye shi me ya same shi, sai ya ɗaga ido ya kalli jami'in da ke tsaye a kansa, ya ce faɗuwa ya yi. Da na karɓi fitsarinsa, launinsa kamar baƙin shayi. Na nuna wa likitan da ke bakin aiki, shi ma bai daɗe da fitowa makaranta ba. Jami'an na ta duba agogo. A kati aka rubuta ya faɗo daga mota, aka ba shi maganin ciwo, suka tafi da shi.

Wallahi har yau in na tuna yaron nan raina ɓaci yake. An koya mana ɗinki, an koya mana sa ruwa, amma ba darasi ko ɗaya a kan abin da za ki yi in mai ankwa ya zo miki da irin wannan raunin.

Ɗaliba daga Kongo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti, Allah ya sa ya rayu.

Likita: Amin. Sista, abin da kika gani shi ne dalilin da ya sa na kawo maganar nan, kuma bari in ɗan tsaya a kai don kowa ya amfana. In aka daki tsoka da yawa, ko aka ɗaure mutum tamau na tsawon lokaci, tsokar na narkewa ta zubar da wani sinadari cikin jini, shi ne ke baƙanta fitsari, kuma shi ke toshe ƙoda. Mutum zai iya fita daga asibiti yana magana, bayan kwana biyu ko uku fitsari ya ɗauke, sai wankin ƙoda ko mutuwa. Irin wannan mara lafiya ƙarin ruwa yake buƙata da gaggawa da gwajin ƙoda, a kwantar da shi. Magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen ƙara wa ƙodar nauyi suke. Wannan kaɗai in kowace nas da kowane sabon likita a Zariya ya sani, an ceci rai.

Sai batun rubutu. Akwai kundin ƙa'idoji da ake kira Yarjejeniyar Istanbul, ta fito a 1999, aka sabunta ta a 2022, ita ce jagorar da duniya ke bi wajen duba wanda ya ce an azabtar da shi. Ba ta ce likita ya zama alƙali ba. Ba aikina ba ne in rubuta wane ne ya dake shi. Aikina in rubuta abin da mara lafiya ya faɗa da kalmominsa, in zana taswirar jiki in nuna inda kowane rauni yake, in auna shi da santimita, in faɗi launinsa da siffarsa, in ɗauki hoto da ma'auni a gefe in ya yarda. Sannan in faɗi yadda raunin ya dace da labarin, mataki biyar ne: bai dace ba, ya dace amma wani abu daban na iya jawo shi, ya dace sosai, irin raunin da aka saba gani ne a wannan nau'in, ko kuma ba abin da zai jawo shi sai abin da aka faɗa.

Raunuka suna da alamunsu. Sanda ko kebur na barin layi biyu a jere da haske a tsakiya. Marin kunne biyu lokaci guda na fasa dodon kunne. Wanda aka rataye ta hannu zai zo da kafaɗa mai ciwo da hannu a sage, don jijiyoyin sun miƙe fiye da ƙima. Ɗaurin da ake haɗa gwiwar hannu biyu ta baya, wanda BBC ta yi bincike a kansa a 2020, yana hana jini zuwa hannu, wani ma har ya rasa hannun. Kuma a kiyaye, rashin tabo ba ya nuna ba a yi ba. Wanda aka hana barci ko aka tsoma kansa a ruwa ko aka yi wa barazana da matarsa, ba abin da za ka gani a fatarsa.

Na farko cikin duka, kada a duba shi jami'i na sauraro. Dokarmu ta 2017 ta ba wanda aka tsare haƙƙin neman likitan da ya zaɓa ya duba shi bayan an yi masa tambayoyi, ba tare da tasirin jami'an tsaro ba.

Baba Sufeto: Likita, a nan ne za mu saɓa. In ka ce in fita, yaro ya haura taga, ni za a saka a sel a madadinsa, aikina ma ya tafi. Wannan ba wasa ba ne, na ga waɗanda abin ya faru da su. Ɗan sandan da ya ƙi fita ba lallai ne yana ɓoye wani abu ba.

Likita: Gaskiya ne Baba, kuma akwai mafita. In akwai fargabar gudu, jami'i na iya tsayawa inda idonsa ke ganin mara lafiya amma kunnensa ba ya ji. Bakin ƙofa, ko bayan gilashi. Irin wannan ne nake so a zauna a gwada a wurin bitar, nas da kofur a ɗaki ɗaya, kowa ya ji damuwar ɗan uwansa.

Baba Sufeto: In haka ne, da sauƙi. Amma a gaya masa da girmamawa, kada a yi masa tsawa a gaban wanda ya kawo.

Malam na Kwarbai: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa. Ina roƙon kada a gabatar da abin nan kamar baƙon abu da aka kawo mana daga Turai, domin in aka yi haka rabin ɗakin zai toshe kunne. A cikin Sahihu Muslim, Hishamu ɗan Hakimu ya wuce wasu mutane a Sham an tsayar da su cikin rana saboda haraji, sai ya ce ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa Allah zai azabtar da waɗanda ke azabtar da mutane a duniya. Ku lura, tsayarwa a rana ce, ba a ma kai ga bulala ba. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan abin da ya faɗa game da kansa in ka ji masa ciwo, ko ka dake shi, ko ka ɗaure shi. Imamu Malik ma bai yarda a tsai da haddi da iƙirarin da aka samu bayan barazana ba.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, amma ni na taɓa ji a wurin karatu cewa wanda ya shahara da sata ya halatta a matsa masa.

Malam na Kwarbai: Akwai wannan magana a wurin wasu malamai na baya, ba zan ɓoye maka ba. Amma su a kan alƙali suke magana, wanda ya duba hujja mai ƙarfi a kan mutumin da aka san halinsa. Ba su ce duk wanda aka nuna da yatsa a kasuwa a rufe shi a ɗaki cikin dare a yi ta jibga ba. Kuma tunda hukuma ta kafa doka ta hana, an toshe wannan ƙofar.

Ina kuma so in ce, laifin nan bai tsaya a caji ofis ba, mu ma yana gidanmu. A Satumbar 2019 an fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. Iyaye ne suka kai su da hannunsu suna neman gyara. In za a yi bita, a kira malaman tsangaya da na Islamiyya da limamai. Mahaifin da ɗansa ya faɗa shaye-shaye, wurinmu yake fara zuwa kafin ya je asibiti.

Ɗaliba daga Kongo: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da nake so in ƙara, mafi yawan ɓarnar a awannin farko na kamu take faruwa, kafin kowa ya san inda mutum yake. Shi ya sa tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Zariya ba ofishin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 34, ta ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ga waɗanda ke tsare, har ya ba da beli in ya dace. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ce kowane ofishin yanki ya samu ɗan sanda lauya aƙalla ɗaya. Don haka a sa majistarori da magatakardan kotu cikin waɗanda za a gayyata. In an san wani na iya shigowa ya ce a buɗe sel, hannu na yin sanyi.

Kuma abin bai kamata ya zama baƙo ga Zazzagawa ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, sau 16 aka ɗaure ta saboda siyasa, ta sha bulala a hannun hukuma.

Barista: Madalla ƙanwata. Yanzu bari in koma kan maganar Baba, abin da za a riƙe a madadin kulki. Akwai shi. A 2021 aka fitar da ƙa'idojin yi wa wanda ake zargi tambayoyi, ana kiransu da sunan Juan Mendez, lauya ɗan Ajantina wanda shi kansa an azabtar da shi a ƙasarsu, daga baya ya zama wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa. Tushensu shi ne, mai bincike ba amsa laifi yake nema ba, bayani yake nema wanda za a iya bi a tabbatar. Ya shirya kafin ya shiga, ya san abin da ke hannunsa. Ya bar mutum ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba katsewa. Sannan ya riƙa tambaya dalla-dalla: ƙarfe nawa, da wa, ta wace hanya. Hujjar da ke hannunsa ya riƙe ta sai can, bayan mutumin ya ɗaure kansa da bakinsa. Ingila ta koma wannan hanyar tun farkon shekarun 1990, bayan an gano mutanen da suka yi shekaru a kurkuku a kan amsa laifin ƙarya.

Sai ɗaukar bayani a bidiyo, ko a gaban lauya. Dokar 2015 ta tanadi wannan, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta ƙarfafa cewa wajibi ne. Waya ta isa. Wannan kariya ce ga ɗan sandan kirki ma, don ba wanda zai zo kotu ya yi masa sharrin duka.

Baba Sufeto: Barista, wannan da kika zayyana, tsofaffin masu bincike da na tarar a aiki haka suke yi, ba su san yana da suna ba. Akwai wani saje, ba ya ɗaga murya. Zai sa a kawo wa mutum ruwa, ya zauna kusa da shi, ya ce ba ni labari. Washegari ya sake cewa ba ni labari. Mai ƙarya ba ya iya maimaita hanya ɗaya sau biyu. Irin su ne suka yi ƙaranci.

Ɗan Sabon Gari, ɗana, saurara. Na ga an matsa wa yaro a kan babur ya amsa, ya kira sunan abokansa uku, aka kwaso su, ɗaya ma ana gobe zai zana jarrabawa. Bayan mako biyu aka kama babur ɗin a wani gari a hannun wani daban. Mako biyun nan da aka ɓata a kan yara huɗu, shi ɓarawon gaske yana can yana neman mai saye. Wanda ake duka abin da zai tsayar da dukan yake faɗa, ko sunan mahaifinsa ka nema zai ba ka.

Tsohon Gandiroba: Kada a manta da mu. Duk wanda kotu ta ce a tsare, ƙofarmu yake zuwa. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta ba shugaban gida ikon ƙin karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni ko a sume. Amma ma'aikacin da ke karɓar baƙi a ƙofa sai ya san haka, kuma sai ya tuɓe rigar mutum ya duba bayansa ya rubuta kafin motar da ta kawo shi ta juya. In bai rubuta ba, mutumin ya mutu bayan kwana uku, a wuyanmu yake. Ƙa'idojin Mandela na 2015, wato na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, sun ce ma'aikacin lafiya ya ga kowane fursuna da zarar an kawo shi, kuma sun hana kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. A kira ma'aikatan asibitin gidan gyaran hali, su ne ba a taɓa tunawa da su.

Maman Ilham: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma bari in faɗi abin da 'yan uwana nas za su tambaya, don na san su. Na rubuta gaskiya, na tashi aiki ƙarfe takwas na safe, na hau keke napep ni kaɗai. Jami'in nan ya ga fuskata, ya ga sunana a ƙirji. Wa zai tsaya mini?

Barista: Anti, tsoron nan na gaskiya ne, kada kowa ya raina shi. Abin da ke rage shi shi ne abin ya daina zama na mutum ɗaya. In asibiti na da fom guda da ake cikewa ga duk wanda aka kawo da ankwa, ko da ciwon kai ya zo da shi, to ba ke kika zaɓi rubutawa ba, tsarin gida ne. Likita da nas su sa hannu tare, babban likita ya gani, kwafi ya tafi ɗakin ajiye bayanai, ba a miƙa wa wanda ya rako shi ba. Ke ba ki zargi kowa ba, tsayin rauni da faɗinsa kika rubuta. In abin ya kai a kai ƙara, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, kuma shugabancin asibiti ne ya kamata ya tura, ba nas ba. Shi ya sa nake ganin shugabannin asibitoci da na ƙungiyar ma'aikatan jinya su zo su amince da fom ɗin a gaban kowa.

Likita: Na goyi bayan wannan. Mu likitoci ma akwai abin da za a tuna mana. Sanarwar Tokyo ta ƙungiyar likitoci ta duniya, tun 1975, ta hana likita taimaka wa azabtarwa ta kowace fuska, ko da da iliminsa ne ko da kasancewarsa a wurin. Likitan da ya ga raunin ya rubuta wani abu daban don a rabu lafiya, ya sani ya ba da gudummawa.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai har yau ban ga wayoyina ba, kuma raina bai huce ba. Amma in za ku yi, ku kira 'yan sintirin unguwanni da shugabannin kasuwa. Kafin a kai yaro caji ofis, su ne ke fara kama shi, kuma wani lokaci abin da ake yi masa a ofishinsu ya fi na can. Shugaban layinmu zan iya kawo shi.

Malam na Kwarbai: Ni ma zan yi magana da limamai biyu na cikin birni, ko a samu a taɓo batun a huɗubar Juma'ar makon.

Likita: Alhamdulillahi. To ga yadda na fahimta: ba jawabai masu tsawo. Zaman safe na ma'aikatan lafiya da na gidan gyaran hali, a kan duba rauni da cike fom. Zaman rana na 'yan sanda da 'yan sintiri, Baba da Barista su jagoranta, a gwada tambayoyi a aikace. Sai a haɗa kowa a ƙarshe a gwada shigowar mai ankwa sashen gaggawa. Barista, ki taimaka da taƙaitaccen bayanin dokar 2017 da Hausa, shafi ɗaya.

Baba Sufeto: Gyara biyu, Likita. Takardar gayyata ta bi ta ofishin kwamandan yanki, in ba haka ba ba kofur ɗin da zai iya barin bakin aiki ya zo. Kuma a rubuta a ciki ƙarara cewa masu bincike da masu zama a kanta ake so, daga sufeto zuwa ƙasa. Ni zan kai takardar da kaina in an buga.

Maman Ilham: Mu ma masu aikin dare a duba mu. In aka sa ƙarfe tara na safe, waɗanda suka fi ganin irin waɗannan marasa lafiyar suna gida suna barci. A maimaita zaman lafiyar bayan la'asar, zan tattaro na sashenmu.